Mudun da Ake Auna Maganarmu da Shi

A cikin shekarar 2017, a babban ofishin kamfanin Facebook da ke jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, aka zartar da wani hukunci wanda ba a yi shelarsa a gidan rediyo ba, ba a buga shi a jarida ba, ba a kuma shawarci kowa daga cikin waɗanda zai hau kansu ba, alhali kuwa ya shafi abin da mutane wajen biliyan 2 za su riƙa tararwa duk sa'ad da suka duba wayoyinsu. Hukuncin shi ne, idan mai karatu ya danna alamar babban yatsa a ƙarƙashin wani rubutu, watau ya nuna rubutun ya yi masa daɗi, a ƙidaya wa rubutun nan maki 1. In kuwa ya danna ɗaya daga cikin alamomi biyar ɗin da aka ƙaro a watan Fabrairu na 2016, ta ƙauna, ko ta dariya, ko ta mamaki, ko ta baƙin ciki, ko jar fuskar nan ta fushi, to, a ƙidaya masa maki 5. Da yake rubutun da ya fi tara maki shi na'ura ke ɗorawa a sama ta kai shi gaban idon jama'a, wanda ya gaza kuwa ta tura shi can ƙasa inda ba mai isa sai wanda ya rasa aikin yi, ma'anar wannan hukunci a fili take: hasalar mutum ɗaya ta rinjayi yardar mutum huɗu, ta yi kunnen doki da yardar mutum biyar.

Da ba don wata ma'aikaciyar kamfanin mai suna Frances Haugen ba, wadda ta kwafi dubban takardun cikin gida kafin ta bar aiki, ta miƙa su ga 'yan jarida da hukuma, sa'an nan ta zauna gaban wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka ranar 5 ga Oktoba 2021 ta ba da shaida, da watakila har yau wannan lissafi yana nan a rufe. Takardun nan, bisa ga abin da jaridar Washington Post ta fitar daga cikinsu, sun nuna cewa tun a 2019 masu binciken kamfanin da kansu sun tabbatar cewa rubuce-rubucen da suka fi jawo jar fuska su ne suka fi ƙunsar ƙarya da cin mutunci da labarin ƙanzon kurege. Amma ba a mayar da makin fushi sifiri ba sai a 2020.

Ban kawo wannan labari don in tuhumi kamfani guda ba, domin kowace kafar sada zumunta tana da irin nata lissafin. Na kawo shi ne domin shi ne hujja mafi bayyana a kan wata mas'ala wadda a ganina mun yi sakaci da ita, watau cewa jera magana hukunci ne a kan magana. Mun daɗe muna jayayya game da wace magana ya kamata a cire, wace ya kamata a bari, wa aka rufe wa shafi, wa aka ƙyale. Amma a wurin da ake zuba zantuka dubu bisa dubu a cikin daƙiƙa guda, alhali ɗan Adam ido biyu gare shi da wuni guda, cirewa ƙaramin al'amari ne in an gwada shi da jerawa. Mutumin da aka bari ya yi magana, sa'an nan aka ajiye maganar tasa a inda ba mai gani, da shi da wanda aka toshe wa baki bambancinsu kaɗan ne, sai dai shi na farkon bai san an yi masa ba, saboda haka ba zai kai ƙara ko'ina ba. Sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, wasiƙun masu karatu suna zuwa daga lardi lardi, kuma ba dukansu ke samun shiga ba. Malam Abubakar Imam da abokan aikinsa su ke zaɓa, su gabatar da wannan su jinkirta wancan. To, amma kowa ya san sunan edita, ya san garin da yake zaune, in ya yi son kai a faɗa masa a idonsa, in ya buga ƙazafi a ja shi gaban shari'a. Shi kansa bai taɓa iya cewa ba shi ne ya zaɓa ba.

Uzurin da masu kafofin zamani suka saba kawowa shi ne su ba editoci ba ne, jama'a ce ke zaɓa da yatsunta, su iyakarsu ƙidaya. Wannan uzuri yana da daɗin ji, kuma ya shiga zukatanmu har ya zama in aka ce magana ta yi tashe, ko mutum dubu ɗari sun danna mata, sai mu ji kamar an kafa mata hujja. Ina ganin kuwa mu, da muka gaji zaurukan karatu, mu ya fi cancanta kada wannan ya ruɗe mu, domin malamanmu sun riga sun warware mas'alar tun kafin a san lantarki.

Fuƙaha'un mazhabar Imamu Malik, waɗanda littattafansu ne ake biyawa a Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram da Agadas tun ƙarnuka da yawa, sun gaji tarin zantuka masu saɓa wa juna a kan mas'ala guda, kuma tilas ne muhuti ko alƙali ya san wanda zai gabatar in mai tambaya ya durƙusa a gabansa. Sai suka rarrabe tsakanin ƙauli mashhuri da ƙauli rajihi. Mashhuri, a ɗaya daga cikin ma'anonin da suka ba shi, shi ne wanda masu faɗarsa suka yi yawa. Rajihi kuwa shi ne wanda dalilinsa ya yi ƙarfi. Galibi su biyun sukan haɗu a kan zance guda, hankali ya kwanta. Amma wani lokaci sukan raba hanya, a nan ne malamai suka yi doguwar muhawara a kan wanda za a riƙa, da yawa daga cikin masu zurfin bincike kuma suka tafi a kan cewa ƙarfin dalili ne abin bi. Abin lura ma shi ne, har waɗanda suka gabatar da mashhuri ba kowane mai baki suke ƙidayawa ba. Malaman mazhaba suke ƙidayawa, waɗanda aka san iliminsu da adalcinsu da wanda suka ɗauko daga gare shi. Malaman hadisi kuwa sun fi haka tsanani. Imamu Sakhawi, almajirin Ibnu Hajar, ya wallafa Al-Maƙasidul Hasana musamman don zantukan da suka shahara a bakunan mutane da sunan hadisi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tarar waɗansu ingantattu ne, waɗansu raunana, waɗansu kuwa ba su da asali ko kaɗan, duk da cewa babba da yaro ya haddace su. Har labarin da suka yarda yawan maruwaita ya isa ya tabbatar da shi, watau mutawatiri, sai da suka gindaya masa sharuɗɗa: yawan ya kai haddin da al'ada ta kore yiwuwar su haɗa baki a kan ƙarya, yawan nan ya tabbata a kowane mataki na isnadi, abin da suke ba da labarinsa kuma ya zama sun gani da idonsu ko sun ji da kunnensu. Hikimar da ke ƙarƙashin waɗannan sharuɗɗa ita ce, mutum dubu da suka ɗauko daga bakin mutum ɗaya, a wurin shaida mutum ɗaya ne.

Turawa ma, da suka zo daga baya da ilimin ƙididdiga, a kan wannan sharaɗin suka sauka. A 1906 wani masani Baturen Ingila, Francis Galton, ya halarci baje kolin dabbobi a garin Plymouth, inda aka girke wani ƙosasshen sa aka ce duk mai so ya biya sisi ya karɓi tikiti, ya rubuta nauyin da yake zato naman zai yi bayan an yanka an feɗe. Da aka gama, Galton ya aro tikitocin, 787 daga ciki suka karantu, ya jera su daga ƙarami zuwa babba ya ɗauki na tsakiya, sai ga laba 1,207, alhali nauyin gaskiya laba 1,198 ne. Kuskuren taron bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Masu yabon hikimar taro suna ƙaunar wannan labari ƙwarai, amma sukan tsallake abin da ya sa ya yiwu: kowane mutum a wurin ya ga san nan da idonsa, ya sa kuɗinsa, ya kuma rubuta nasa a takardarsa shi kaɗai.

Yanzu sai a duba abin da ke faruwa in aka bar mutane suna leƙa takardar juna. A 2006 masana uku na Jami'ar Kolambiya a Amurka, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun tara mutum 14,341 ta intanet, suka ajiye musu waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a san su ba, suka ce kowa ya saurara ya sauke wadda ta yi masa. Kashi ɗaya na mutanen ba a nuna musu zaɓin kowa ba. Sauran kuwa aka raba su gida takwas, kowane gida yana ganin yawan waɗanda suka sauke kowace waƙa a cikin gidan nan kaɗai. Da shahara tana bin nagarta sau da ƙafa, da waƙa ɗaya ce za ta yi zarra a dukan gidajen takwas. Ba haka aka gani ba. Waƙoƙin da suka fi kyau ba safai suka faɗi warwas ba, waɗanda suka fi muni ba safai suka hau ƙololuwa ba, amma duk abin da ke tsakani sai yadda ta kaya: wadda ta yi sarauta a wannan gida sai a tarar da ita cikin talakawa a wancan, ba don komai ba sai don mutanen farko da suka shigo sun dace da ita ko sun wuce ta. Da masanan suka sake gwajin, suka jera waƙoƙin daga mai yawan masoya zuwa mai ƙaranci, watau irin jerin da wayoyinmu ke yi mana, sai tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa ta ƙara faɗi, sanin wadda za ta ci kuma ya ƙara wuya.

Wani gwajin kuma ya fi kusa da maganarmu, domin shi a kan ra'ayoyin mutane aka yi shi. Lev Muchnik da Sinan Aral da Sean Taylor suka haɗa kai da wata kafar labarai ta intanet har wata biyar, suka bi ra'ayoyi 101,281 da masu karatu suka rubuta. Da zarar an rubuta ra'ayi, sai ƙuri'a ta faɗa, waɗansu a ba su yabo guda na jabu, waɗansu a ba su suka guda ta jabu, mafi yawa a ƙyale su yadda suke. Sakamakon da suka buga a 2013 ya nuna cewa ra'ayin da aka yi wa yabon jabu, yiwuwar mai karatu na farko ya yaba masa ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, kuma a ƙarshen lissafi makinsa ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100. Wanda aka yi wa sukar jabu kuwa, sai mutane suka riƙa zuwa suna gyara masa, suna mayar da shi inda ya dace. Ashe ɗan Adam yakan ji tausayin wanda aka zalunta da suka, amma ba ya tuhumar wanda aka ɗaga da yabon ƙarya. Duk wanda ya san yadda ake ɗaukar sojojin baka na waya a lokacin zaɓe a Nijeriya, ana biyansu da kuɗin data don su yi rubdugu a kan rubutun maigida da zarar ya fito, ya san cewa 'yan siyasarmu sun gano wannan sirri ba tare da sun karanta mujallar Science ba. Yabo ɗaya ne fa kacal aka gwada. Ina ga ɗari biyu a cikin minti goma na farko?

Saboda haka, da na'ura ta ce mana wannan ƙauli mashhuri ne, ko mashhurin ma ba na gaskiya ba ne, balle a kai ga rajihi. Ita ce ta ɗora shi a sama, aka gan shi domin yana sama, aka danna masa domin an gan shi, sa'an nan ta juyo ta kafa hujja da dannawar a kan cewa ya cancanci zama a sama. Malaman manɗiƙi suna da suna ga irin wannan hujja mai komawa kan kanta, kuma ba su karɓarta daga bakin almajiri.

Ɓarnar da ta fi damuna kuwa ita ce wadda ke aukuwa ga mai maganar kansa. A watan Janairu na 2018 shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ya sanar cewa kafar za ta ƙara nauyi ga rubutun da ke sa mutane musayar magana a tsakaninsu, ya ce manufarsa ita ce ƙarfafa zumunci. Amma na'ura ba ta san bambancin musayar gaisuwa da musayar zagi ba, duka a wurinta motsi ne, kuma zagi ya fi gaisuwa tsawo. Daga cikin takardun da jaridar Wall Street Journal ta fallasa akwai rahoton ma'aikatan kamfanin cewa waɗansu jam'iyyun siyasa a Turai sun koka musu; wata jam'iyya a ƙasar Folan ta ce dā rabin abin da take wallafawa bayanin alheri ne rabi suka, amma bayan canjin sai da ta mayar da kashi 80 cikin 100 suka, domin in ba haka ba ba mai ganinta. Mu ma nan ba sai an yi mana bincike ba. Malami ya zauna ya yi karatun awa biyu a kan hukunce-hukuncen gado, da natsuwa da kawo dalilai, mutum ɗari uku su gani. A cikin karatun ya yi tuntuɓen harshe ya taɓa wani malami na daƙiƙa ɗaya, wani yaro ya yanko wurin ya sa masa take mai zafi, kafin la'asar ya gama gari, kafin isha an yi raddi, kashegari a yi raddin raddi. Malamin nan mutum ne, yana ganin alƙaluman, almajiransa masu riƙe masa shafi sun fi shi gani. Sannu a hankali sai karatu ya fara karkata zuwa inda alƙaluman suke, ba tare da kowa ya zauna ya yi niyyar haka ba. Haka mawaƙi, haka ɗan jarida, haka yarinyar da ta gano cewa ranar da ta yi ashar ce aka fi kallonta.

Shi kuwa Elon Musk, da ya sayi Twitter a watan Oktoba na 2022 a kan dala biliyan 44, bai tsaya wani kewaye-kewaye ba: ya sa wa shuɗiyar alamar nan farashi, dala 8 a wata, ya ce amsoshin waɗanda suka biya su za a riƙa ɗorawa a sama. Wannan aƙalla ba munafunci a cikinsa. Sahun gaba na sayarwa ne, an kuma faɗi kuɗinsa.

Wanda yake zaton wannan duk zancen 'yan boko ne, ya tuna da jihar Filato. A ƙarshen watan Yuni na 2018, ana cikin tashin hankali a ƙauyukan jihar, hotuna da bidiyo masu tayar da tsikar jiki suka cika Facebook da sunan abin da ke faruwa a lokacin. Binciken da sashen Africa Eye na BBC ya fitar a watan Nuwamba na shekarar ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyon a Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Ranar 24 ga Yuni aka tare hanya a Jos aka kashe mutum 11, kuma 'yan sandan jihar sun gaya wa BBC cewa abin da aka yaɗa ya taimaka wajen hura wutar. Ba wanda zai ce na'ura ce ta ƙirƙiro gabar da ke tsakanin al'ummun Filato, domin ta girme ta. Amma hoton gawa ya fi kowane abu tara jar fuska, kuma wannan yana cikin shekarun da jar fuska take da nauyin da ya ninka na babban yatsa. Ga shi kuma harshenmu harshen habaici ne da gatse da zambo, inda ake kashe mutum da kalmar da a ƙamus yabo ce. Wanda bai sha shi a nono ba ba zai gane inda aka dosa ba, balle na'urar da aka yi wa tarbiyya da Ingilishi.

Adalci ya wajabta in kawo abin da ke ɗaya ɓangaren, kuma ba ƙarami ba ne. Da farko, jeri tilas ne. Ba yadda za a yi a nuna wa mutum komai a lokaci guda. In an ce a bi lokaci kawai, sabo a sama tsoho a ƙasa, to, an miƙa fagen ga mai yawan surutu, wanda zai yi rubutu hamsin a wuni ya binne mai yin ɗaya. A 2023 ma an buga wani bincike a Science, wanda masana suka yi tare da kamfanin Meta, mai Facebook, a lokacin zaɓen Amurka na 2020, inda aka mayar da waɗansu mutane kan jerin lokaci har wata uku. Ba a ga ra'ayinsu na siyasa ya sassauta ba, abin da suke gani daga majiyoyi marasa aminci ma ƙaruwa ya yi. Na biyu, masu tsaron ƙofa na dā ba mala'iku ba ne. Talaka da mace da ɗan ƙauye sun daɗe a bakin zaure ba a ce su shigo ba, kuma waɗannan kafofi ne suka ba su damar su kira sunan gwamna su tambaye shi ina asibitin da ya yi alkawari. Ba na fatan a koma zamanin da mutum goma ke yanke wa lardi abin da zai ji. Abin da waɗannan hujjoji suka tabbatar shi ne kowane jeri yana da wanda yake fifitawa da wanda yake dannewa, wanda kuwa shi ne ainihin abin da nake faɗa. Sai dai a tambaya wa ya zaɓa, da wace ƙa'ida, kuma wa zai tuhume shi.

Akwai kuwa waɗansu ƙa'idojin, an ma gwada su. A 2015, da gardama ta yi tsanani a Taiwan tsakanin direbobin tasi da kamfanin Uber, aka tara ra'ayoyin jama'a ta wata manhaja mai suna Polis, wadda ba ta ba da damar mayar wa mutum martani, sai dai ka ce ka yarda, ko ba ka yarda ba, ko ka wuce; sa'an nan ta rarraba mutane rukuni rukuni bisa ga amsoshinsu, ta fito da maganganun da rukunan masu saɓani suka haɗu a kansu. Sai ya zama mai son a ga maganarsa dole ya nemi lafazin da abokin hamayyarsa zai iya sa wa hannu. Irin wannan tunani ne ke ƙarƙashin bayanan gyara da jama'a ke liƙa wa rubutu a Twitter tun 2021, inda ba a fito da bayani sai mutanen da aka san sun saba saɓa wa juna sun yarda yana da amfani. Waɗannan ma suna da nasu aibi, musamman jinkiri, domin kafin masu gaba su daidaita ƙarya ta yi nisa. Amma kowane alƙali ya san shaidar da abokin husuma ya bayar a kan gaskiyarka ta fi ta 'yan'uwanka goma nauyi, kuma ga shi an nuna cewa ana iya koya wa na'ura wannan in an so. Abin da ya hana shi yawaita shi ne husuma ta fi sulhu riƙe mutum a kan waya, riƙewar nan kuwa ita ake sayar wa masu talla.

A kasuwa, ba a hana mai hatsi awo, ba a kuma ce kowa ya zo da mudunsa daga gida. Abin da shari'a ta ɗora wa mai hisba, al'ada kuma ta ɗora wa sarkin kasuwa, shi ne ya ɗauki mudun ya juya shi ya duba gindinsa ko an buga shi ciki, domin mai saye ba shi da ikon yin haka da kansa. Wannan shi ne abin da Tarayyar Turai ta yi da dokarta ta ayyukan intanet ta 2022. Dokar ta wajabta wa kafofin su bayyana, da lafazin da kowa zai gane, manyan abubuwan da suke dubawa wajen jera wa mutum abin da zai gani. Waɗanda masu amfani da su a Turai suka kai miliyan 45 a wata kuwa, ta ƙara musu da cewa lalle su ba mutum zaɓin aƙalla jeri ɗaya wanda ba a gina shi a kan bibiyar halayensa ba, su yarda masu bincike na waje su duba su kowace shekara, su kuma buɗe wa masana bayanai. Wanda ya saɓa ana iya cin sa tarar da ta kai kashi 6 cikin 100 na cinikinsa na duniya. Da wa'adi ya gabato a watan Agusta na 2023, TikTok da Meta duka suka sanar da sababbin zaɓuɓɓuka ga mutanen Turai. Ashe da ma abin mai yiwuwa ne.

Mu kuwa a Nijeriya, da hukuma ta fusata da Twitter a watan Yuni na 2021 bayan an goge wani rubutu na Shugaba Muhammadu Buhari, sai ta rufe kafar ɗungum har wata bakwai, 'yan kasuwa suka yi hasara, masu wayo suka bi ta bayan gida, daga bisani kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci a watan Yuli na 2022 cewa rufewar ta saɓa wa doka. Da aka buɗe, lissafin jerin yana nan yadda aka bar shi. Ba kuwa don Nijeriya ba ta da ƙarfi ba ne. A watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220, daga cikin dalilanta har da nuna wa 'yan Nijeriya bambanci in an gwada su da mutanen waɗansu ƙasashe, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta harkokin gasa da masu saye ta tabbatar da tarar a watan Afrilu na 2025. Hukumar da ta iya wannan tana iya tambayar yadda ake jera mana magana.

Saboda haka ina kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya, musamman waɗanda suka fito daga jihohin da aka zubar da jini a kan jita-jita, da su bar ɓata lokaci a kan ƙudurorin ɗaure mai rubutu, waɗanda kowa ya san a kan 'yan adawa da 'yan jarida za su ƙare, su kawo dokar da za ta tilasta wa kowace babbar kafa ta bayyana ƙa'idar jerinta da Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulatanci kamar yadda take yi da harsunan Turai, ta ba ɗan Nijeriya zaɓin da ta ba Bafaranshe, ta faɗi yawan ma'aikatanta masu jin harsunanmu, ta kuma buɗe bayananta ga masana na jami'o'inmu. Editocin jaridu da na gidajen rediyo kuwa, da malamai masu hawa mumbari, ina roƙonku ku daina buɗe labari ko huɗuba da cewa abu kaza ya yi tashe a kafofin sada zumunta, sai kun bincika wa ya fara faɗarsa, ya gani da idonsa ko ji ya yi, da kuma mutum nawa ne daga cikin masu yaɗa shi aka biya.